Zoben Sitaci da Ƙwayoyin Nano: Tambayoyi da Amsoshi kan Magungunan da Ruwa Ba Ya Narkarwa

Tambayoyin nan daga mutane iri biyu suke fitowa. Akwai ɗaliban harhaɗa magunguna na Jami'ar Jihar Kaduna da na Ahmadu Bello da ke Zariya, masu neman abin da za su yi binciken kammala karatu a kai. Akwai kuma masu zuwa kanti sayen magani, waɗanda suka fara ganin an rubuta nano a jikin kwalabe suna so su san ko da gaske ne. Na haɗa amsoshin wuri guda, domin duk daga matsalar narkewa maganar ta taso. Za mu duba wani zoben sitaci mai suna saikulodestirin da ke taimaka wa magani ya narke, da 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi, wato na nano, da ake ginawa da shi.

Wane irin magani ne ba ya narkewa, alhali kullum da ruwa muke haɗiyarsa?

Farfashewar ƙwaya daban, narkewarta daban. Jefa ƙwayar aibufurofen a kofin gilas mai ruwa ka zuba ido. Bayan ɗan lokaci za ta kumbura ta wargaje, ruwan ya yi fari-fari, sannan garin ya koma ƙasa ya kwanta. Garin nan da ya kwanta rarrabuwa kawai ya yi. Bangon hanji kuwa abin da ya narke sarai yake bari ya ratsa ya shiga jini. Lokacin ma ƙayyadadde ne, don abin da aka haɗiya yana shafe kamar awa 3 zuwa 4 ne a ƙaramin hanji, inda ake tsotse yawancin magunguna. Duk abin da bai narke ba a wannan tsakani ya wuce ke nan, sai bayan gida.

A 1995 Gordon Amidon da abokan aikinsa a Amurka suka kasa magunguna gida huɗu, bisa narkewa a ruwa da iya ratsa bangon hanji. 'Yan gida na biyu suna ratsa hanji da kyau amma ba sa narkewa, da za su narke da magana ta ƙare. 'Yan gida na huɗu ba narkewa ba ratsawa. Ƙiyasin da aka saba kawowa shi ne kusan kashi 40 cikin 100 na magungunan da ke kasuwa suna da wannan matsala, a cikin sababbin da ake bincike kuwa adadin ya zarce haka nesa ba kusa ba. Dalilin shi ne wuraren da magani ke kamawa a jiki galibi 'yan ramuka ne masu son maiƙo, fatar ƙwayoyin halittar jiki ma maiƙo ce. Saboda haka sinadarin da ya fi kama wurin da ƙarfi, sau da yawa shi ne ya fi gudun ruwa.

A ba mu misali da maganin da muka sani.

Maganin zazzaɓin cizon sauro da ke kusan kowane gida, irin su Coartem. Abu biyu ne a cikinsa, atemeta da lumefantirin. Atemeta mai saurin aiki ne, yana kashe mafi yawan ƙwayoyin cutar nan da nan amma ba ya daɗewa a jiki. Lumefantirin ke tsayawa ya share ragowar, kuma shi ne kusan ba ya narkewa a ruwa sam. An auna a jikin masu lafiya an ga idan aka sha shi bayan abinci mai maiƙo, abin da ke shiga jini yana iya ninkawa har sau 16.

To dubi yadda abin yake faruwa a gidajenmu. Yaro ya kwana biyu jiki zafi, bakinsa ɗaci, ko ƙanshin abinci ba ya so. Uwa ta murƙushe ƙwayar a cokali, ta ɗiga ruwa, ta ɗura masa cikinsa babu komai. Washegari zazzaɓi ya sauka, an gode wa Allah. Bayan sati biyu ko uku ya dawo, sai a ce maganin jabu ne ko kemis ya cuce su. Wani lokaci jabun ne da gaske. Amma wani lokaci maganin lafiyarsa ƙalau, jiki ne bai samu damar tsotsarsa ba. Shi ya sa nake nanata wa kowace uwa: Hajiya, a ba shi da madara, ko nono, ko kunun gyaɗa, mai shan mama a ba shi mama, kuma a cika sha shidan nan na kwana 3 ko da ya warware.

Ba shi kaɗai ba ne. Allurar atemeta a cikin mai ake narkar da ita, shi ya sa a tsoka ake yin ta. Girisiyofulbin na cutar kora da ke fitowa a kan yara da maiƙo yake shiga jiki. Firazikwantel na tsargiya ga rashin narkewa ga ɗaci. Albendazol kuma yana koya mana wani abu: in tsutsar a cikin hanji take, rashin shigarsa jini ba aibi ba ne, don can ake son ya tsaya. Sai in cutar ta shiga tsoka ko ƙwaƙwalwa ne ake neman ya ratsa.

Mene ne shi wannan saikulodestirin?

Zobe ne na sukarin gulukos, daga sitaci ake samunsa. Sitacin masara ko rogo ko dankali doguwar sarƙa ce ta gulukos. Akwai wani enzayim, wato sinadari mai farfasa abinci, da wasu bakteriya ke fitarwa, wanda yake yanko guntun sarƙar ya haɗa bakinsa da wutsiyarsa ya zama zobe. Mai gulukos 6 ana kiransa alfa, mai 7 beta, mai 8 gama. Zoben yana da ɗan tsawo, baki ɗaya ya fi ɗaya faɗi, da rami a tsakiya. Ramin beta bai kai nanomita ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita, kamar 0.6 ne. Bayan zoben yana son ruwa, cikin ramin kuma yana karɓar abu mai maiƙo. Duk amfaninsa daga wannan hali biyu ya fito.

Ba sabon abu ba ne. Antoine Villiers ya fara ganinsa a Faransa a 1891, cikin sitacin dankali da bakteriya suka ci. Franz Schardinger ya ware nau'o'insa a birnin Biyana a farkon ƙarni na 20, Karl Freudenberg a Jamus ya tabbatar zobe ne a shekarun 1930, kuma a 1953 shi da abokan aikinsa suka yi rajistar haƙƙin amfani da shi a haɗa magani. Tsada ce da tsoron guba suka riƙe shi shekaru. A wajen 1970 kilo ɗaya na beta yana kai kusan dala 2000. Da masana a Japan da József Szejtli a Hangari suka inganta yadda ake sarrafa shi, ya koma kayan masana'anta na 'yan daloli. Yau yana cikin abinci da kayan kwalliya da feshin kashe wari.

Ta yaya zobe zai sa magani ya narke?

Idan aka haɗa su a ruwa, ɓangaren maganin da ke gudun ruwa sai ya shige ramin, ya kori 'yan ɗigon ruwan da ke ciki, waɗanda dama ba daɗin zama suke ji a wurin ba. Yanzu ruwa bayan zoben kawai yake gani, sai ya ɗauke su tare. Ba a canza sinadarin maganin ba, ba a kuma ɗaure shi ba. Shiga yake yana fita a kowane lokaci. Da ya isa bangon hanji sai ya fice ya ratsa, zoben kuma ya tsaya a baya, don shi kansa ɗan kaɗan ne ke shiga jini ta baki. Abin da aka ɓoye a rami harshe ba ya jin ɗacinsa sosai, haske da iska ma ba sa saurin lalata shi.

Abin mamaki, beta wanda raminsa ya fi dacewa da yawancin magunguna shi ne ya fi 'yan'uwansa ƙin ruwa. Giram 1.85 kawai ke narkewa a mililita 100, alhali alfa na kai 14.5, gama kuma 23. Shi ya sa aka yi masa kwaskwarima, aka maƙala masa wasu rassa a baki. Biyu ne suka yi fice, mai reshen haidiroksifurofil da mai reshen salfobutil, wanda aka ƙirƙiro a Jami'ar Kansas ake sayarwa da sunan Captisol. Waɗannan suna narkewa fiye da giram 50 a mililita 100, kuma ana iya sa su a allurar jijiya.

Akwai irin wannan magani a kasuwa, ko duk a takarda ne?

Akwai, sun kai gommai. Na farko ya fito a Japan a 1976. A 1988 Italiya ta fitar da firoksikam mai zoben beta da sunan Brexin, don ya yi saurin kama ciwo. Ruwan Sporanox na cutar fangas ya samu amincewa a Amurka a 1997, allurar Vfend, ita ma ta fangas, a 2002. Remdesibiya da aka yi ta magana a kai lokacin korona da Captisol aka narkar da shi. Akwai ma wanda zoben da kansa ne maganin, wato sugamadeks: bayan tiyata ana yi wa mutum allurarsa, ya bi jini yana kama maganin da aka saki tsokoki da shi, numfashi ya dawo cikin 'yan mintuna. Turai ta amince da shi a 2008, Amurka a 2015.

Sai dai a kula, duk waɗannan zobba ne ɗai-ɗai da ke yawo a ruwa. Ba su ne ƙwayoyin nano ba.

To in zoben yana aiki, me ya kawo maganar nano?

A nan gizo ke saƙa. Na farko, zobe ɗaya yawanci baƙo ɗaya, wato ɗigon magani guda, yake ɗauka, ga shi ya fi baƙon nauyi sau uku ko huɗu, kuma ba kowane zobe ke samun baƙo ba. A ruwan Sporanox, miligiram 400 na zobe ke rakiyar miligiram 10 na magani. Kwalbar Vfend mai miligiram 200 tana ɗauke da 3200 na Captisol. Maganin da ake shan mai yawa, in aka bi wannan hanya ƙwayarsa za ta fi ƙarfin maƙogwaro. Na biyu, da zarar allura ta gauraya da jini sai baƙon ya fice, ƙoda ta tace zoben ta zubar. Wato ya taimaka wajen narkarwa, amma ba ya riƙe magani ya daɗe, ba ya kuma kai shi wani wuri na musamman. Na uku, manyan sinadarai ba sa shiga ramin.

Nano awo ne. In aka raba mita ɗaya gida biliyan, kashi ɗaya shi ne nanomita. Kaurin silin gashi yana kai wajen nanomita 80,000. Ƙwayoyin da ake magana a kansu galibi tsakanin 10 ne da 'yan ɗaruruwa. Kowace mai girki ta san gutsuren kanwa yana daɗewa a ruwa, dakakkiya kuwa nan take take narkewa, don ruwa ya samu inda zai taɓa ta ta ko'ina. Lissafin haka yake: dunƙule mai santimita ɗaya ta kowane gefe, fuskar da ruwa zai taɓa murabba'in santimita 6 ce. A yayyanka shi zuwa nanomita 100, fuskar ta koma murabba'in mita 60.

Idan aka tara zobba da yawa aka gina ƙwaya guda da su, ana samun abubuwan da zobe ɗaya ba ya bayarwa. Magani zai zauna a ramukan, ya kuma zauna a tsakankanin zobban, sai kayan da aka ɗauka su ƙaru. Ƙwayar ta fi ƙarfin matatar ƙoda, wadda ke barin abin da bai wuce nanomita 5 ko 6 ba ya fita, don haka tana daɗewa a jini. Tana iya sakin magani a hankali. Ana kuma iya manna mata wata alama a baya, da fatan ta fi kama ƙwayoyin ciwon daji.

Yaya ake gina su?

Hanyoyin suna da yawa, zan taɓo waɗanda ɗalibi zai fi cin karo da su. Akwai soson nano, wanda Francesco Trotta da mutanensa a Jami'ar Turin ta Italiya suka yi suna a kai: ana ɗinke zobban da juna da wani sinadari mai haɗawa, su zama raga mai ƙofofi, a wanke ta, a niƙa, sannan a jiƙa ta da magani. Har da ruwan tsamin da ke cikin lemon tsami ana yin ɗinkin. Akwai jera zobba a doguwar sarƙa, wadda ke naɗe kanta ta zama ƙwaya. Akwai maƙala wa zoben wutsiya mai maiƙo, da an ɗiga shi a ruwa sai wutsiyoyin su taru a tsakiya da kansu. Akwai kuma haɗa shi da kaitosan, wanda ake samu daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa. Kaitosan da zoben salfobutil cajinsu kishiyar juna ne, suna haɗuwa suke dunƙulewa, kuma ƙwayar tana manne wa majinar hanji ko ta hanci. Wannan ta ƙarshen ita ce mafi sauƙi, don a ruwa ake yin ta, ba wuta ba sinadarai masu haɗari.

An gwada su a jikin mutane? Me aka gani?

An gwada, kuma ya kamata a faɗi sakamakon yadda yake. Biyu mafiya shahara daga ɗakin binciken Mark Davis na Caltech a Amurka suka fito. Na farko CRLX101, wanda ke ɗauke da kamtotesin. Shi wannan sinadari daga wata bishiyar ƙasar Sin aka samo shi, aka bayyana shi a 1966. Yana kashe ƙwayoyin daji sosai, amma ba ya narkewa, kuma gwajinsa na farko ya zo da guba mai tsanani. Aka ɗaura shi a sarƙar zobba, ta naɗe ta zama ƙwaya mai nanomita 30 ko kusa da haka. Marasa lafiya sun jure shi fiye da da, ya kuma daɗe a jini. Amma da aka kai ga tambayar ko yana amfanar mara lafiya fiye da maganin da ake da shi, haƙa ba ta cim ma ruwa ba, a ciwon dajin huhu a 2013, a na ƙoda kuma a 2016. Na biyu CALAA-01, da aka fara yi wa mutane a 2008. Ya kafa tarihi, don an ciro tsoka daga ciwon an ga ƙwayoyin sun isa, amma an dakatar da shi a 2013.

Wanda ya fi ba ni sha'awa na ido ne. Ɗigon ido na yau da kullum, ƙasa da kashi 5 cikin 100 na maganin ke shiga, sauran hawaye ya wanke. Thorsteinn Loftsson da Einar Stefánsson a Jami'ar Ayisland sun haɗa deksametazon, maganin kumburi, da zoben gama, zobban suka dunƙule suka ɗauki ninki 15 na abin da ɗigon da aka saba ke ɗauka, suna kuma daɗewa a kan ido. Burin shi ne ya kai har bayan ido, inda ciwon suga ke kumbura majigin gani, wurin da yanzu sai da allura a cikin ƙwayar ido ake kai magani. An kai shi gwajin mataki na uku, wato babban gwajin da ake yi a jikin marasa lafiya kafin a amince da magani. Duk wanda ya ga masu ciwon suga da ke tahowa daga nesa zuwa Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke nan Kaduna zai gane darajar ɗigon da mutum zai sa da kansa a gida.

Hukuncina shi ne, zobe ɗai-ɗai ya riga ya tabbatar da kansa. Soso da sarƙa kuwa da sauran rina a kaba. Takardun da ke nuna nasara a kwalba da jikin ɓera suna da yawa ƙwarai, waɗanda suka kai gadon asibiti kuma 'yan ƙalilan ne.

Ba shi da illa?

Yana da ita. Beta na asali ba a sa shi a jijiya, don yana haɗuwa da kolestarol ya daskare a ƙoda ya lalata ta. Waɗanda aka yi wa kwaskwarima sun fi aminci, amma ta ƙoda suke fita, saboda haka suna taruwa a jikin mai raunin ƙoda. Shi ya sa takardar Vfend ta ce irin wannan mara lafiya gara a ba shi na haɗiya. Ta baki kuma, yawansa yana kawo gudawa. A gwajin da aka yi wa masu wata cutar gado mai suna Niemann-Pick, inda aka ba da mai reshen haidiroksifurofil da yawan gaske, an samu raunin ji. Jarirai ma sai da taka-tsantsan, don ƙodarsu ba ta gama ƙwari ba.

Ƙwayar nano tana ƙara nata tambayoyin. Hanta da saifa suna kama yawancin ƙwayoyin nano da aka sa a jini, to ina sauran soson yake ƙarewa, kuma cikin wane lokaci? An wanke ragowar sinadarin ɗinki tas? Akwai kuma haɗarin da ake mantawa da shi. In magani da can kashi ɗaya cikin goma ke shiga jini, yanzu ya koma rabi, awon da aka saba sha ya zama guba. Dole a sake auna shi daga farko.

Ina da ciwon suga. Tunda sukari ne, ba zai tayar mini ba? Kuma halal ne?

Baba, kwantar da hankalinka. Alfa da beta, yawu da ruwan hanji ba sa iya farfasa su sosai, sai sun kai babban hanji bakteriya suke cinye su. Gama yana farfashewa ya koma gulukos, amma abin da ke cikin ƙwaya ɗaya bai kai lomar tuwo ba.

Hukuncin halal na malamai ne, nawa shi ne in faɗi abin da ke ciki. Zoben daga sitacin tsiro yake, enzayim ɗin daga bakteriya, babu kayan dabba. Kaitosan daga halittun ruwa yake. A wasu hanyoyin haɗawa ana narkarwa da sinadarin etanol, wanda shi ne ke sa maye a giya, sannan a busar da shi. Ɓawon kafso na jelatin, wanda daga dabba ake samunsa, magana ce daban, a tambayi mai harhaɗa magani a kansa.

An ce nano wata na'ura ce da ake sa wa mutane a jiki ta allura.

Ba na'ura ba ce, ba ta da batir, ba ta aika saƙo ko'ina. Nonon da ake dama fura da shi asalinsa madara ce cike da 'yan dunƙulen furotin masu girman nano, haka Allah ya halicce ta. Magungunan nano ma sun daɗe a asibiti, Doxil na ciwon daji tun 1995.

Ba na raina tsoron mutanenmu. Gwajin Trovan da aka yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ya bar tabo, kuma duk wanda ya tuna shi yana da haƙƙin ya yi tambaya. Tambayoyin da suka dace su ne: wa ya amince da gwajin, kwamitin ɗa'ar bincike ya duba shi, an yi wa mutum bayani da harshen da yake ji, yana da ikon ya ce a'a ba tare da an hana shi magani ba? Waɗannan su ke kare mu.

Na ga ana tallar gangamau na nano da wasu haɗe-haɗe a Facebook. In saya?

Gaskiya ne sinadarin da ke sa gangamau rawaya ba ya narkewa, kuma zoben sitaci yana ƙara masa shiga jini. Amma shiga jini ba shi ne warkar da cuta ba, rubuta nano a kwali kuma ba ya buƙatar komai sai tawada. Duba lambar NAFDAC ka tabbatar da ita. Duba ko an rubuta adadin abin da ke ciki. Wanda ya ce kwalba ɗaya na maganin daji da suga da hawan jini, ka riƙe kuɗinka. Mai shan maganin tsinka jini ko mai ciwon hanta kada ya fara sai ya ga likita, kuma kada kowa ya ajiye maganin asibiti saboda wannan.

Ga masara a Saminaka, ga rogo Nijeriya ta fi kowace ƙasa nomawa. Me zai hana mu yi shi a nan?

Babu abin da zai hana a ilmance. Ana dafa sitaci ya tsinke, a zuba enzayim, a samu gaurayen zobba uku. Beta ya fi sauƙin warewa, don rashin son ruwansa ke sa ya fito ya zama ƙanƙara-ƙanƙara da kansa. Wahalar tana wajen tsarki. Na magani sai an tabbatar babu ragowar sinadarin warewa, babu ƙarafa masu guba, kuma buhun yau daidai yake da na gobe. Wannan yana son wuta marar yankewa da ruwa tsaftatacce da na'urorin awo. Manyan masu yin sa, irin su Wacker na Jamus da Roquette na Faransa da kamfanonin Sin, suna fitar da shi da araha, saboda haka mai farawa zai sha gasa.

A ganina mafari shi ne sitacin kansa. Masana'antun magungunanmu suna shigo da yawancin kayan haɗinsu daga waje, har da sitacin da ake ɗaure ƙwaya da shi. Wanda ya iya fitar da sitaci mai darajar magani daga masararmu ya hau matakin farko, zoben abinci da na kwalliya ya biyo baya, na allura ya zo ƙarshe. A Zariya akwai tsangayar harhaɗa magunguna ta Ahmadu Bello da cibiyar binciken sinadarai ta NARICT a Basawa, a Abuja akwai cibiyar binciken magunguna ta NIPRD. Masu ilmin suna nan, abin da ake nema shi ne mai jarin da zai zauna da su.

Ni ɗaliba ce, ina so in yi bincikena a kan wannan. Daga ina zan fara?

Daga cuta za ki fara, ƙanwata, ki bar zancen nano sai daga baya. Zaɓi maganin da ke ba mutanenmu wahala: lumefantirin da zai shiga jini ko yaro bai ci abinci ba, girisiyofulbin, maganin yara mai ɗaci da suke tofarwa. Ki kuma duba ko an riga an warware matsalar ta hanya mai sauƙi. Firazikwantel na ƙananan yara, alal misali, an rage masa ɗaci ne ta hanyar cire rabin sinadarin da ba ya kashe tsutsa, aka yi shi ƙwaya mai wargajewa a ruwa, ba tare da nano ba.

Gwajin farko shi ne na Higuchi da Connors na 1965, kuma ɗakin gwajin makaranta ya isa. Jera kwalabe, kowace da zobe fiye da ta bayanta, zuba magani har ya yi saura a ƙasa, a yi ta girgizawa kwana 2 ko 3, ki tace ki auna abin da ya narke. In abin da ya narke bai ƙaru da ƙaruwar zobe ba, zoben da maganin ba su dace ba, ki canza tun da wuri. In ya ƙaru, ki kwaɓa su a turmin gwaji da ɗan ruwa har su yi kauri, ki busar. Sai bayan nan ki gwada kaitosan.

Kuskuren da na fi gani a irin waɗannan ayyuka shi ne a gwada ƙwayar nano da garin magani zalla, a ga ta fi shi, a yi murna. Kusan komai zai fi garin zalla. Ki gwada ta da garin da aka gauraya da zobe da hannu kawai, da wanda aka kwaɓa a turmi, da ƙwayar da ake sayarwa a kanti. In kwaɓaɓɓen ya yi daidai da nanon, ki rubuta haka, sakamako ne mai amfani, don shi ne talaka zai iya saye. Kada ki kira abu nano sai an auna girmansa da na'ura, ko da sai kin aika samfurin wata jami'a. Ki auna ranar da kika haɗa, ki sake aunawa bayan wata ɗaya, domin ƙwayoyin suna son mannewa da juna su koma manya. Ki kuma ajiye wani kaso a zafin digiri 40 da laima kashi 75 har wata 6 in lokaci ya ba ki dama, tunda a kantin da ba fanka zai zauna, ya ga zafin Maris da Afrilu, ya ga laimar Agusta. Gwajin dabbobi kuma kada ki fara shi sai takardar amincewar kwamitin ɗa'a tana hannunki.